Matar da Ta Ɗora Zakara a Kwalbar Maganin Baba

Kafin masu shara su gama goge barandar asibiti, Anti Mai Alama ta riga ta yaye ƙyallen da take rufe kwamfutarta, a ɗan lungun nan na bayan tagar ba da magani. Aikinta buga 'yar takardar da ake manna wa kwalba. To, yawancin masu tsayawa a tagar ba sa karatu. Shi ya sa ta zana alamomi ta shigar da su kwamfuta kamar haruffa: ta danna nan rana ta fito, ta danna can wata ya fito, ga kwano mai nufin a ci abinci tukuna.

Ni ganau ce. Babanmu mai hawan jini ne, shi kaɗai yake zaune, kuma wallahi gara ya kwana da ciwo da ya ce wani ya karanta masa. Rannan ya haɗa maganin safe da na dare, jiri ya kwashe shi a ƙofar ɗaki. Yayana ya ce in aka kuma, Baba zai tattara ya koma gidansa. Ba abin da tsohon ya tsana kamar wannan.

Da na kai shi asibiti, Anti ta zaunar da shi, ta miƙa masa kwalba mai alamar rana da wata. "Baba, me ka gani?"

"'Yar nan, ƙwai biyu na gani. Wanne ne wanne?"

Ashe a idon tsoho rana da wata duk ɗaya ne. Ko musu ba ta yi ba.

"Me ke tashinka da asuba?"

"Zakaran maƙwabcina, marar kunya!"

Ta koma ta zana zakara don safe, fitila don dare. Da sauran kwamfutocin asibitin suka riƙa fito da akwatuna wayam a madadin alamomin, ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta saka musu zanen, don kada abin ya tsaya a teburinta.

Ƙarshen watan nan za ta yi ritaya. Anti, ke ce kika tambayi tsoho abin da idonsa ke gani, maimakon ki ce laifinsa ne. Mun gode, Allah ya saka da alheri. Masu zama a bayan taga, don Allah ku riƙa tambaya kamar ta.

Baba dai yana nan a gidansa, makullinsa a aljihunsa, yana shan maganinsa da kansa.