Layukan da ƴata ta tsallake

Ranar da takardar ta iso mu huɗu ne a tsakar gida: ni, da babbar ƴata wadda ke koyarwa a lakwal, da surukata matar ɗana tana tsince gero, da ƙanwar marigayi maigidana da ta zo daga Kelle ganin likita. Ƴata ta yage ambulan ta hau karantawa.

Ban taɓa zama a aji ba, amma shekara kusan arba'in ina kallon fuskar masu karanta mini wasiƙa. Na san yadda ido ke tafiya tare da baki. Ran nan idonta ya sauka har ƙasan takarda, bakinta ya tsaya a gaisuwa da labarin ruwan bana. Rubutun ma ba shi ne na saba gani ba. Wancan a kwance yake, wannan tsaye, manya-manya.

"Shi ke nan, Inna, tana gaida kowa."

"Ke, takarda cike har baya, gaisuwa ce duka?"

Asalin wasiƙun nan ba nawa ba ne. Ƴata tana yarinya mushensu, wato malamin ajinsu, ya haɗa su da yaran wata lakwal a Gaya, kowa da abokin rubutunsa. Sau biyu ta rubuta ta gaji. Na ce a gidana ba a gaida mutum ya yi shiru, na zaunar da ita ta amsa. A ƙasan amsar da ta dawo, uwar yarinyar ta ce a gaida uwar da ta iya tarbiyya. Na sa aka mayar mata. Daga nan uwar ta zama ƙawata, yaran suka koma hannuwa kawai, mu ke magana. Ita ma ba ta yi karatu ba. Ta tambaye ni yadda dabino ke yi a kwari tsakanin tuddan rairayi, na tambaye ta ko gaske ne mutum na shiga kwalekwale ya je kasuwa. Na gaya mata abin da ban gaya wa ƴan uwana ba, shekarar da fari ya ƙare mana awaki. Ba mu taɓa ganin juna ba. Da salula ta zo an haɗa mu sau ɗaya, kunnenta ya riga ya yi nauyi, muka yi ta ihu ba wadda ta fahimci wata. Muka koma takardarmu.

Ƙanwar maigidana ta ce, "Yaya, ki bar yarinya mana, kin fi jandarma bincike."

"Yarinya mai furfura? In ba za ta karanta ba, in kai wa mai rubutu a bakin tasha, gari duka ya ji."

Sai ƴata ta fashe da kuka. Ta karanta sauran tana tsayawa. Ƴar ƙawata, wadda ta riƙe bik tana rubuta mata tun farko, ta rasu bayan Babbar Salla. Wani maƙwabci ne ya rubuta wannan. Ƙawata ta ce ba za ta iya zuba cikinta gaban baƙo ba, don haka wannan ce ta ƙarshe, in yafe mata, mu haɗu a lahira.

Muka yi salati, muka yi wa mamaciya addu'a. Ƴata ta ce hawan jinina ta ji wa tsoro. Ban yi mata faɗa ba, ita ma tata ƙawar ta rasa. Na bari ta wanke fuska, sannan na ce ta ɗauko takarda.

Na yi ta'aziyya yadda ya kamata. Bayan haka na ce ta rubuta: na yafe miki komai, amma ban yarda da sallamar nan ba. Ni zan ci gaba da magana, ki samu mace mai riƙe baki ta karanta miki. Ba sai kin ce komai ba. Ga fararen takardu, duk sanda tawa ta iso, ki dangwala yatsa a lalle ki manna a guda, ki ba direba. In na ga yatsan na san kina nan, kin ji.

"Inna, 'ban yarda ba' ɗin nan bai yi kaushi ga mai makoki ba?"

"Rubuta yadda na faɗa."

Da ta gama na miƙa wa surukata ta maimaita mini tun daga sama, ina bin idonta. Ba a rage ko kalma ba.

Washegari da hantsi na yafa mayafi na tafi tasha da ƙafata. Na ƙirga fararen takardu goma sha biyu cikin ambulan, na liƙe, na damƙa wa direban motar da ke tafiya yammacin ƙasa, wanda zai miƙa wa na Gaya a Doso. Na sa ya faɗa mini sunan unguwar sau biyu, na tsaya har motar ta tashi.