Tuwon Sista da Kwanon da Ya Dawo Wayam

Ranar wata Alhamis ce cikin watan Yuli, shekarar da nake aji biyar a firamare, na tsaya a bayan ɗakin aladun wani maƙwabcinmu da kwanon samira a hannuna. An yi ruwa da rana ya ɗauke, ƙasa ta yi taɓo, silifas ɗina sai maƙalewa yake yi. Na waiga hagu, na waiga dama, na buɗe murfi, tururi ya bugi fuskata da ƙanshin tumatir da citta. Sai na ɗaga kwanon ta saman katanga na juye abincin gaba ɗaya. Wani ƙaton alade mai baƙin kunne ya taso a guje, kafin in mayar da murfi ya lashe. Mahaifiyata ce ta dafa abincin nan, kuma ba alade ta aike ni in kai wa ba. Wata tsohuwa ce, Mama Nkechi, take zaune a kwatas ɗin ma'aikatan jirgin ƙasa tana jiransa.

A duk unguwarmu a Kafanchan gidanmu kaɗai ake cin wannan abinci. Kafin Mama, wato mahaifiyata, ta yi aure ta yi aikin girki a wani ƙaramin asibitin mishan, a can wata tsohuwar Sista 'yar Italiya ta koya mata. Mama nyoki take ce masa, Baba kuwa ya ce bakinsa ba zai wahala ba, ya raɗa masa tuwon Sista, sunan ya bi shi. Ba abincin Kirsimeti ba ne a wurinmu. Da damina ta yi nisa dankalin Turawa ya fara saukowa daga Filato, sai Mama ta sayo ƙananan nan da masu kuɗi ke rainawa, duk Alhamis mu huta da faten acca da tuwon masara.

Ni ce babbar mace a ɗakinmu, don haka aikin a kaina yake ƙarewa. Ana dafa dankalin da ɓawonsa, a ɓare shi da zafinsa, yatsuna su yi ja ina hura su Mama tana cewa in yi sauri. Ba ta yarda a kai shi turmi, wai ba sakwara ba ce, daka shi zai sa ya yi danƙo. Da cokali mai yatsu muke murƙushe shi a cikin tire, ta barbaɗa gishiri da fulawa kaɗan-kaɗan, in kaza ta yi mana kirki a fasa ƙwai ɗaya. "Hannu mai nauyi ba ya nyoki," haka take faɗa duk lokacin da ta ga ina dannawa kamar mai kwaɓin burodi. Sai a murza shi ya yi tsawo kamar igiya, a yayyanka daidai gaɓar babban yatsa, a gangara kowane ɗaya a bayan cokalin ya fito da zane-zane. Ƙanena Bulus shi ke jera su, rabi yana jerawa rabi yana wasan mota da su. In ruwa ya tafasa a zuba, su nutse, can sai ka ga suna tasowa ɗaya bayan ɗaya, Mama ta kwashe da matsami ta juye cikin miyar tumatir, wani lokaci ta gyaɗa da alayyahu. Baba da ke masa tsiya shi ne mai neman ƙari. Ni ma, gaskiyar Allah, ina son shi fiye da shinkafa.

Mama Nkechi kuwa matar wani direban jirgin ƙasa ce da ya rasu tun ban yi wayo ba. Tun tana amarya suka zo daga Gabas, ta tsufa a Kafanchan, 'ya'yanta duk suka watse neman abinci. Cocinmu ɗaya, bencinsu ɗaya da Mama a zumuntar mata. A shekarar nan ta yi wani ciwo da ya taɓa mata hannu da muƙamuƙi, ga haƙora sun zube, abu mai tauri ba ya wuce mata. Tuwon Sista kuwa harshe kaɗai ya ishe shi. Shi ya sa duk Alhamis kwanon farko nata ne, kafin ma a zuba wa Baba. Kuma a wurin iyayenmu kwano ba ya komawa gidansu haka nan. Ko me mutum yake da shi sai ya jefa a ciki. Mama Nkechi takan sa lemo biyu, ko ɗan ƙullin barkono, ran da babu komai ta sa ashana ƙwaya biyar. Ba a taɓa yi ta manta ba.

Hanyar kwatas ta filin makarantarmu take bi, inda 'yan ajinmu ke taruwa da yamma, mata suna carafke da 'yar gala-gala, maza suna buga ƙwallon tsumma. Wata rana Ladi, wadda bakinta ya fi ƙafarta sauri, ta tare ni ta ce sai ta ga abin da nake ɓoyewa. Ta fizge murfin, ta leƙa, ta ja da baya tana toshe hanci, ta ce wa jama'a su zo su ga gidan su Rifkatu tsutsa suke ci. Abin haushi, da zanen nan na cokali da jan miya, sun yi kama ɗin. Kafin gari ya waye na zama 'yar mai tsutsa. A layin asambuli ana raɗa shi, a bakin famfo ana rera shi, har wani ya zana a bayan littafina. Na kasa gaya wa Mama, don ina ganin yadda fuskarta ke haske in tana murza abin nan. Wata hanyar kuma babu sai ta bakin rafi, ga ruwa ya cika. To, da Alhamis ta zagayo na hango su Ladi a fili, ƙafata ta ƙi gaba. Abin da ya kai ni bayan ɗakin aladu ke nan.

Na wanke kwanon a rijiyar maƙwabta, na ɗan ɓata lokaci a gindin mangwaro, na koma gida. Mama ta karɓa ta buɗe, ta ga wayam, ta dube ni. Ban jira ta tambaya ba na ce ai yau Mama Nkechi ba ta sa komai ba. Wannan ƙaryar ta fi zubar da abincin muni, amma a lokacin ban gani ba: na hana tsohuwa abincinta, na kuma shafa mata rowa. Mama ta kife kwanon a kan kwando. Alhamis ta biyu na sake, ta uku ma haka, har na fara jin na iya. Na zauna ina cin nawa kason da yamma ina kora shi da ruwa.

Ranar Lahadi bayan an tashi sujada Mama ta ce Bulus ya bi Baba, ni in riƙe mata Littafi Mai Tsarki, za mu gaida mara lafiya. Na karɓi Littafin na bi bayanta. Muka samu Mama Nkechi a kan kujerar katako a bakin ƙofa, ta rame, zanenta ya yi mata yawa. Suka gaisa, suka taɓa hirar ruwan sama da ciwon ƙafa, ni ina raɓe a jikin bango. Can Mama ta ce, "Mama, Alhamis uku ke nan ina aiko Rifkatu da abinci. Ina fata dai yana shiga?"

Tsohuwar ta ɗago kai. Ta juyo ta dube ni, ni kuwa na sunkuyar da kai ina kallon takalmin cocina, ina jin da ƙasa za ta tsage da na shige. Sai na ji ta ce, da irin Hausarta, "Maman Bulus, na gode. Yarinya ya kawo, duka ya kawo, ya yi daɗi. Ni ne ban yi kirki ba. Kai ya tsufa, na manta sa komai a kwano. Ki yi haƙuri da ni."

Ta lallaɓa ta shiga ɗaki tana dafa bango, ta fito da gwaiba uku ta danƙa mini a hannu, ta matse yatsuna a kansu. Da mari ta yi mini da ya fi mini sauƙi.

A hanyar gida Mama tana gaba ina baya, na shirya wa bulala. Sai da muka tsallake layin dogo ta tsaya, ba ta ko juyo ba, ta ce, "Kin sa tsohuwa ta yi ƙarya ran Lahadi." Iyakar abin da ta faɗa ke nan, ba ta gaya wa Baba ba, ba ta sake tayar da maganar ba har ta koma ga Ubangiji. Gwaibar nan na kasa ci, na kasa bayarwa, suka ruɓe a cikin jakar makarantata.

Alhamis ta gaba Mama ta miƙo mini kwano kamar ba abin da ya faru. Na ratsa tsakiyar filin, su Ladi suka rera waƙarsu har suka gaji, na wuce kunnuwana suna zafi. Na ci gaba da kaiwa har ƙarshen damina, lokacin da ɗanta ya zo ya tafi da ita Gabas. Kullum sai in shirya abin da zan ce mata, in na isa sai in ajiye kwano in tsaya ina wasa da bakin riga. Daga baya ne wata maƙwabciyarta ta faɗa a gabana, ba tare da ta san komai ba, cewa akwai wasu Alhamis da tsohuwar ta ƙi shan kunun da aka ba ta, wai abincinta yana hanya, ta zauna a bakin ƙofa har rana ta faɗi.

Yanzu a Sabon Tasha nake da iyalina, kuma nakan yi tuwon Sista in dankali ya yi araha. 'Ya'yana sun gan shi a waya, sun san sunansa na asali, har hoto suke ɗauka su tura wa abokai, a zo ana roƙon a ɗanɗana. Abin da na ɓoye a bayan katanga shi ne abin taƙamarsu. Sai dai gidajenmu duk get ne da kwaɗo, shekara shida ban san me maƙwabciyata take dafawa ba, ba kwanon da ke fita, ba wanda ke shigowa. In na tsaya a kan tukunya ina jiran su taso, nakan yi kewar zamanin da ake sanin lafiyar mutum daga abin da ya jefa a kwano. Mama Nkechi ta rufa mini asiri da nata mutuncin. Ni kuwa har ta bar duniya ban buɗe baki na ce ta yafe mini ba.