Malam Arzika Kalmalo da Zaren da Ya Ruɓe a Sito

Haihuwa da Karatu

An haifi Malam Muhammadu Arzika a shekarar 1946 a garin Kalmalo ta ƙasar Illela. Mahaifinsa Malam Abdulƙadir mai makarantar allo ne, mahaifiyarsa kuwa Safiyyatu. A gaban mahaifinsa ya sauke Alƙur'ani, ya kuma koyi hisabi da lissafin taurarin damina. Ya shiga firamare a Illela a 1955, daga bisani ya yi kwas ɗin kula da sito a Kaduna.

Iyali da Aiki

A 1971 ya auri Shafa'atu, 'yar Darna Sabon Gari. A 1979 ya kama aikin kula da sito a masaƙar buhunan albasa ta Alhaji Yari, wani attajirin Illela, inda mutum arba'in ke cin abinci. Zaren rama daga Kudu ake kawo shi, kuma al'adar Alhaji ita ce ya aika a sayo na shekara guda cur kashegarin Sallar Layya, domin haka ya yi a Nuwamban 1977 da ya buɗe masaƙar, ya kuma ga albarka.

Bincikensa

Daga 1981 zuwa 1983 Malam Arzika ya duƙufa yana rubuta ranar da zare ya iso, da tsawon zamansa a sito, da adadin dammunan zaren da suka yi fumfuna kafin a saƙa su. Sakamakon bai fi ƙarfin ɗan firamare ba: Layya tana matsowa da kwana goma sha ɗaya duk shekara, albasa kuwa ba ta san wata ba, sai rani ake cire ta. Ya nuna cewa nan da 'yan shekaru zaren zai riƙa sauka a tsakiyar damina, cikin siton ƙasa, ya yi wata uku yana shan laima. Shawararsa ita ce a raba sayen kashi uku, a fara bayan ɗaukewar ruwa.

A Disamban 1983 ya gabatar da rahoto mai shafi goma sha biyu. Alhaji Yari bai ko buɗe shi ba. Amsarsa, kamar yadda masaƙa suka ruwaito, ita ce: "Malam Arzika, mi kwana sha ɗaya ka iyawa? Ranar da nis samu albarka ba ni sake ta."

Abin takaici, farin 1984 ya rufa wa kuskuren asiri, domin ruwan da zai jiƙa zaren ma bai sauka ba. Har laƙabi aka yi wa Malam Arzika, wai Malam Kalanda. Ya maimaita nasihar a 1986 da 1987, amma ina, ya zama mai busa sarewa a kunnen kurma.

Ƙarshen Aiki

A 1988 Layya ta faɗo cikin Yuli, zare ya iso a Agusta, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Kafin kaka kashi biyu cikin uku ya ruɓe. Da lokacin cire albasa ya yi, manoma suka tsallaka iyaka zuwa Ƙonni suka sayo buhu. Sai kuma aka nemi mai laifi, aka ce ai mai kula da sito ne bai kula ba! An sallame shi a Fabrairun 1989, masaƙar kuma ta rufe a Afrilu, mutum arba'in suka koma gida hannu rabbana.

Rasuwarsa

Allah Ya yi masa rasuwa a Nuwamban 1989 bayan gajeriyar jinya, yana da shekara arba'in da uku, aka yi masa sutura a Kalmalo kusa da kabarin mahaifinsa. Ya bar matarsa da 'ya'ya huɗu: Hindatu, Lawwali, Ramatu da Ummu. Allah Ya jiƙansa da rahama.

Ranar sadakar uku Alhaji Yari ya zo gaisuwa, ya sa aka tambayi Shafa'atu ko marigayi ya bar kwafin rahoton nan, wai yana so a karanta masa. A lokacin masaƙar ta yi wata bakwai a kulle.