Layin Gaggawa da Addu'ar Baba

Ban taɓa ganin murna ta hana yara cin abinci ba sai a makon da za mu hau jirgi. An yi wa maigidana canjin wurin aiki zuwa Legas, ya riga mu tafiya ya kama gida, sannan ya turo mana tikiti ta waya, ni da yara uku, daga Kano za mu tashi. Babbar 'yata tana firamare, mai bi mata namiji ne wanda bakinsa ba ya hutawa, sai jaririyar da nake goyo. Kafin ranar ta zo duk unguwarmu a Azare ta san za mu tashi sama, don yaron nan har mai tallan ƙanƙara sai da ya tsayar ya ba shi labari.

Ni ɗin ma ba wai na fi su natsuwa ba ne, ɓoyewa kawai na iya. Abin da ya fi kumbura min kai shi ne da maigidan ya ce ya haɗa mana da layin gaggawa, wato wata ma'aikaciya za ta tarbe mu ta bi da mu ta ƙofa daban wajen bincike, saboda yara. Duk wanda ya san ni ya san ba ni da haƙurin layi. A asibiti wajen awo ma da ƙunƙuni nake gamawa. Maƙwabciyarmu, wata Bayarabiya mai shagon atamfa da ke hawa jirgi in za ta saro kaya, ta riga ta ba ni tsoro da labarin layin filin jirgi: a tsaya har ƙafa ta yi tsami, a cire takalmi, a cire awarwaro, a zazzage jaka a gaban mutane, ga yaro na kuka. Na bari sai da ta gama tsaf, na ce mata ai mu ba ta nan za mu bi ba. Ta dube ni ta ce to Hajiya, Allah ya ba mu irin mijinki.

Sai dai akwai wani abu da ban lissafa da shi ba, kuma sai na yi bayanin mahaifina kafin a gane. Ni ce 'yar farin Baba, shi kuma Bafulatani ne na wajen garin Yana, mai kunyar nan ta mutanen da. Bai taɓa zama ya yi hira da ni ba. In yana da saƙo, ta bakin Inna yake bi, ko da ina zaune a gabansa. In na durƙusa gaishe shi, rediyonsa yake kallo ya amsa. Ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin ƙi ba, don duk haihuwar da na yi shi ke fara aiko da kaji, ya ce na jarirai ne, alhali jariri ba ya cin kaza.

Wuri ɗaya ne yake ajiye kunyar nan, shi ne tasha. Tun ina zuwa makarantar kwana, duk tafiyar da zan yi sai ya raka ni, ya samu inuwa can nesa ya tsaya kamar wani yake jira. Motar haya kuwa ba ta tashi sai ta cika, don haka Inna da gwaggonnina su yi ta nasiha ta taga har su gaji. Sai direba ya tada mota Baba zai taho da sauri, ya miƙo hannu ta taga ya ɗora a kaina, ya yi addu'a ya tofa, ya juya bai waiwaya ba. Tunda nake ban taɓa barin Azare ba tare da hannun nan a kaina ba, kuma wannan tafiyar ba ta hutu ba ce, ƙaura ce, ga shi tsufa ya fara kama shi.

Ana gobe tafiya Inna ta ce min Baba yana da wata hidima a Kano, zai bi motar da ƙanena zai kai mu. Duk gidan mun san ba shi da hidimar komai, ba wanda ya tanka. Inna ƙafa ta hana ta doguwar tafiya, a ƙofar gida muka yi namu kukan muka gama.

A hanya motar ba ta yi shiru ba. Da jikoki Baba ba ya kunya, wasa yake da su kamar sa'o'insa. Yaron ya tambaye shi ko jirgi yana da ham irin na mota, ko ana buɗe taga a tofar da yawu, ko in an yi sama za a hango gidanmu. Baba ya ce masa in jirgi ya mace a sama yara maza ake saukarwa su tura, don haka ya ci abinci da kyau. Babbar kuma amarya yake ce mata, ya ce tunda za ta gudu Legas ta bar shi, shi ma zai nemi wata a Giade. Ina baya ina dariya ƙasa ƙasa, don in na ɗaga murya zai yi shiru.

Da muka shiga zauren filin jirgin sai na ga maƙwabciyata ba ta yi ƙari ba. Layi ya nannaɗe tsakanin igiyoyi, 'yan rakiya suna tsaye a gefe suna hira da nasu. Baba ya duba ya duba, ya samu wani ginshiƙi can nesa ya tsaya, hannu a baya. Na gan shi sarai. A raina na ce da sauran lokaci, ai ko kaya ba a ɗora ba.

Ma'aikaciyar ta iso da fara'arta, ta duba wayata, aka auna akwatunanmu aka liƙa musu takarda suka bi bel suka shige. Ta tambaye ni ko mun shirya, na ce mun shirya, ta ce mu biyo ta. Ni a zatona wurin zama za ta nuna mana, mu ajiye jakunkuna mu dawo. Muka bi ta gefen dogon layin nan, idon kowa a kanmu, kuma ba zan ɓoye ba, na ji daɗin kallon. Har tafiyata sai da ta canza. Aka buɗe mana wata 'yar ƙofa, aka ɗora jakar hannuna a faranti ta shige na'ura, wata mata ta shafa ni da goyona da 'yar sandar bincike ba ta ma sa na kwance zani ba. Yaron ya wuce ta ƙofar ƙarfe ba ta yi ƙara ba, ya tsaya yana roƙo a bar shi ya sake. Kafin in gama gyara mayafi mun tsinci kanmu a wani falo mai sanyi, ga jirgi ƙato ta cikin gilashi, kusa kamar ka miƙa hannu ka taɓa.

Yaran suka ruga suka manna fuska a gilashin. Ni kuma baki har kunne, na ɗauki hoto na tura wa maigida, na tura wa maƙwabciyata don ta gani da idonta. Ina cikin rubuta mata cewa ko takalmi ba mu cire ba, babbar ta jawo mayafina.

"Umma, Kaka fa? Bai tofa mana ba."

Na juya na koma bakin inda muka fito, na leƙa ta tsakanin kawunan mutane. Can na hango farar hularsa a jikin ginshiƙin nan, bai motsa ba. Ƙanena yana gefensa yana ta bayani da hannu. Jira yake a tada mota, kuma ba wanda ya gaya masa, ni ma ba wanda ya gaya min, cewa a nan ƙofar da ka shiga ita ce sallamar.

Na samu ma'aikaciyar na ce mahaifina zai shigo minti kaɗan. Ta ce ɗan rakiya ba ya wuce wurin bincike. Na ce to ni zan fita. Ta ce ba mai hana ni, amma ƙofar gaggawa sau ɗaya ake bin ta a tikiti, in na fita sai dai in dawo ta babban layi, kuma an kusa fara kiran jirginmu. Raina ya ɓaci, na fara faɗa, na ce wace irin gaggawa ce da ba za a bar mutum ya yi sallama da ubansa ba. Ba ta biye min ba. Ta tuna min cewa ta tambaye ni ko mun shirya, kuma gaskiyarta ce, ta tambaya.

Na kira ƙanena na ce ya ba Baba wayar. Na ji suna magana ƙasa ƙasa, sai ƙanena ya dawo ya ce Baba ya ce ba komai, mu je, Allah ya kiyaye hanya. Saƙo ta bakin wani ke nan, irin wanda na saba karɓa tun ina yarinya. Na tsaya da waya a hannu ina kallon jirgin, ina tuna cewa in ya tashi ya bar mu akwatunanmu ma ban san inda za su kwana ba, ga abin da maigida zai ce. Duk da haka na kasa zama. Na kama hannun yaran na ce mu je. Yaron ya fashe da kuka, a zatonsa an fasa tafiyar, na ja shi yana tirjewa.

Da Baba ya gan mu mun fito, bai dube ni ba, ƙanena ya tambaya ko mun yi mantuwa ne. Ban jira an amsa ba. Na durƙusa a kan tayil ɗin nan da goyona, mutane suna ratsa mu da akwatuna.

"Baba, an tada motar," na ce.

Sai ya sunkuya ya fara da babbar, ya dafa kanta ya tofa, ya dafa yaron da ke shessheƙa, ya dafa jaririyar a bayana. Da hannun ya iso kaina sai ya daɗe fiye da yadda ya saba, don babu direban da zai ja mota ya raba mu. Ina jin nauyin tafinsa ta cikin mayafi, ina jin muryarsa tana rawa a wajen ƙarshen addu'ar. Hawaye suka zubo min, ban kuma damu da masu kallo ba.

Muka kama wutsiyar babban layi. Abin mamaki, Baba bai juya ya tafi ba. Ya bi gefen igiya yana tafe tare da mu, hannun yaron a cikin nasa, yana lallashinsa cewa jirgi ba ya tashi sai mai tura shi ya shiga. Lasifika ta kira jirginmu muna tsakiyar layi, na kama salati. Wani dattijo a gabanmu ya ji ina salati, ya ce a bar mai goyo ta wuce, waɗanda ke gaba ma suka matsa mana, Allah ya saka musu. A kwanar ƙarshe, inda igiyar 'yan rakiya ta ƙare, Baba ya saki hannun yaron. Ya dubi jaririyar, ba ni ba, ya yi magana.

"In an sauka a kira ni. Ni ma ina da waya."

Duk abin da maƙwabciyata ta lissafa sai da muka yi shi a wannan karon. Na cire takalmi, na cire awarwaro, na kwance goyo na rungume ta, aka buɗe jakata aka ɗaga robar madarar jaririya ana dubawa. Bel ɗin wandon yaron kuma, wanda ɗazu yake cikin jaka sai a layi na ɗaura masa, ya sa ƙofar ƙarfe ta yi ƙara, murna ta kama shi har ya manta ya yi kuka. Muka kwasa da gudu, takalmina ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu. Mu ne na ƙarshe da suka hau matakala, ina haki ina dariya kamar wadda ta ci gasa.

Da jirgin ya zabura ya bar ƙasa, babbar ta ƙanƙame hannuna ta rufe ido, yaron kuwa ya sanar da duk jirgin cewa motoci sun zama tururuwa. Ni ma na leƙa, na ga gonaki sun koma 'yan faci faci, na ga girgije a ƙarƙashinmu, abin da ban taɓa zaton zan gani da idona ba. Na yi ta hamdala. Muna can sama ne na tuna cewa lambar Baba ba ta cikin wayata. Ina da ta Inna, da ta gwaggonnina, da ta mai kawo mana ruwa, amma tasa ban taɓa buƙatarta ba.

Muna sauka, tun kafin mu je wajen ɗaukar kaya, na sa ƙanena ya turo min ita. Muna fitowa da kayan na matsa gefe na kira. Ya ɗauka da kansa, ina jin ƙarar motarsu a kan hanyar komawa Azare. Na gaishe shi na ce mun sauka lafiya. Ya ce madalla, ya tambayi yara, na ce suna lafiya. Daga nan maganar ta ƙare mana. Na jira in ji ya ce ga ƙanenki, bai ce ba. Yara suna jan zanina, ga babansu can yana ɗaga mana hannu, amma tsakanina da Baba ba wanda ya kashe wayar.