Katifata a Kasuwar Moto

Shekara talatin da huɗu ina zaune da mutumin nan, ban taɓa ganin ya yi abin da zai tara masa jama'a ba. Ko a majami'a bencin baya yake zama. Amma a watan bakwai na bara, Istifanus maigidana ya naɗe katifar gadona, ya ɗaure ta da igiya, ya yi kwana uku yana yawo da ita wajen masu sayar da moto, wato babur, na Yamai. Ni Marta ina biye da shi ina masifa. Har yau matan unguwarmu Bobiel in sun gan ni sai sun tambaye ni lafiyar katifa.

Bagobiri ne, mutumin wajen Tibiri. Mai allurar rigakafi ne, shekara ashirin da shida yana aikin. Da sassafe zai ɗaure akwatin ƙanƙara a bayan moto, magani na ciki, ya nufi ƙauyukan da mota ba ta shiga. Ya san sunan kowane maigari, ya san uwar da ke ɓoye ɗanta a rumbu in ta ji ƙarar moto.

Wata shekara aka kawo masu sababbin motoci manya, masu ƙarfi kamar ingarma. Ran da ya shigo da nasa gida har guɗa na yi, Allah ya yafe mini. Bai yi wata biyu da shi ba, cikin bazara, ya shiga rairayin wata busasshiyar ƙorama, moto ya kwanta masa a ƙafar hagu. Ba kowa a wurin. Tun hantsi yake ƙarƙashinsa har la'asar, sai da wani makiyayi ya biyo da shanu ya ɗaga masa. Tun daga ranar yake ɗingishi.

Ƙafar ba ta taɓa zama abin maganarsa ba. Abin da ke cin sa shi ne ƙanƙarar ta narke yana kallo, maganin ya lalace, mata kuwa suna can gindin itace da goyo suna jiran sa har suka gaji suka watse. A shekarar ƙyanda ta shiga garin da za shi ran nan. Ban taɓa tambayar sa yara nawa ba, shi ma bai taɓa faɗa ba. Da ya warke sai ya yi ta gwaji a tsakar gida har ya gano dabarar tada moto daga ƙasa da mutum ɗaya, kuma duk sabon ma'aikacin da aka turo sai ya koya masa kafin ya bar shi ya fita daji. Daga baya aka maido shi ofis a Yamai, a nan ya aje aiki, ya koma ban ruwan zogalensa.

To, autarmu Lidiya ita ta gado shi. Ta gama lakwal, wato makarantar aikin jinya, aka ba ta wuri a wani ɗan gidan likita can gaba da Tondibia. Rabin aikin fita ne zuwa tungayen bakin kogi da maganin rigakafi. Majo, wato shugaban wurin, ya gaya mata gaskiya: motonsu ya daɗe da mutuwa, sai ta zo da nata, kuma in Litinin ɗin farkon wata ta wuce ba ta zo ba, mai bi mata a takarda za a kira. Yarinyar nan wata biyu kawai ta yi tana koyon tuƙi, shi ma a kan gudro, wato kwalta, da ɗan moton maƙwabta irin na zuwa kasuwa. Ga ta siririya, iska mai ƙarfi sai ta yi gaba da ita.

Moton daji ake bukata, wanda ake ce wa kuros, mai dogayen tayu masu haƙora, ya bi gudro ya bi rairayi. Yayanta Ezekiyel, direban babbar mota, ya aiko da abin da ya samu, muka haɗa da ɗan abin da muka tara. Ya haɗo da hoton wani ƙato a waya, ya ce shi za a saya ko da sai an cika daga baya, don mutanen ƙauye su san ƙanwar wa ta zo.

Uban ya dubi hoton, ya miƙa wa Lidiya wayarta.

"Moton da ba za ki iya tadawa ke kaɗai ba, ba za ki hau shi ba," ya ce. "Za mu kwantar da shi ƙasa ki tada. In ba a samu ba, kin bar aikin ke nan."

"Baba, wa zai yarda a kwantar masa da moto a ƙasa?"

"Za mu je da katifa."

Na ce wace katifa. Ya dubi ƙofar ɗakina. Na ce Malam, a duk gidan nan ba ka ga tabarma ba, ba ka ga buhu ba, sai abin kwanciyata? Ya ce buhu ba ya hana fenti karcewa. Ranar Alhamis muka tari taksi, direban ya ɗaure katifa a sama yana tambaya ko tashi muke yi daga unguwar.

Mai shagon farko da ya ji bayani sai ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce nan ba gidan likita ba ne. Na biyu ya yarda don ya ga ƙarshen abin. Aka shimfiɗa katifata a bakin titi, aka kwantar da moto sabo fil a kai, masu wucewa suka tsaya. Lidiya ta sunkuya ta kama kan moton da hannu biyu ta ja. Ko motsi bai yi ba. Ta sake ja har jijiyar wuyanta ta fito. Uban yana tsaye, hannu a baya, bai ce uffan ba.

Juma'a muka je ga irin wanda Ezekiyel ya zaɓa. Da ta hau, ƙafafunta ba su ma taɓa ƙasa ba, suna reto. Muka gwada wasu uku, duk ta kasa. Wani mai shayi ya ce, "Hajiya, ku saya mata jaki mana." Na ce masa ni ba Hajiya ba ce, kuma in jaki ake nema ba sai mun yi nisa ba. A taksi Lidiya ta juya fuska wajen taga tana share hawaye da gefen kallabi. Saura kwana biyu Litinin.

Da muka iso gida ta shige ɗaki ba ta ko dubi tuwo ba. Shi kuwa ya ɗauki bokiti ya nufi zogale kamar ba abin da ya faru. Nan fa raina ya ɓaci, na bi shi.

"Malam, ƴaƴan mutane nawa ka koya wa tada moto?"

Ya ci gaba da zuba ruwa.

"Na gan ka da idona a Maraɗi, kana juya masu baya kana nuna masu inda za su kama. Kwana biyu ƴarka tana ja da hannu kamar mai jan guga, ka san ba haka ake yi ba, ka yi shiru. So kake ta kasa."

Ya aje bokitin.

"Haka ne," ya ce. "In ta kasa, tana gida."

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, wannan na sani. Ni ma ai tsoron nake ji, ni na haife ta. Na ce masa kawai, matan tungayen nan su ma suna da gindin itacen da suke jira. Ya ɗauki bokitinsa ya ƙarasa ban ruwa.

Asabar da safe shi ya fara naɗe katifar. Wannan karon bai bi ta shagunan sababbi ba. Ya kai mu wajen wani Nassirou, mai gyara da sayar da okaziyo, wato waɗanda aka taɓa hawa, a kan hanyar Tondibia. Bazabarme ne, kun kuwa san tsakaninsu da Gobirawa ba a gaisuwa sai da tsiya. Yana hango zanen fuskar maigidana ya ce, "Fofo, Bagobiri. An kore ka daga gida ne ka zo da shimfiɗarka?"

"Na zo in ga ko Zabarmawa sun fara sayar da abin kirki," in ji Malam.

Ya wuce manyan ya tsaya kan wani ɗan kuros ja, fentinsa ya koɗe, mai ƙaramin inji. Ya tada shi ya saurari ƙara, ya sa tafin hannu a bakin bututun hayaƙi ya shinshina. Ya taɓa sarƙa, ya girgiza tayu. Ya tambaya ko kayan gyaransa ana samu a kowane lungu, Nassirou ya ce ko wajen mai faci. Ya sa Lidiya ta hau, tafin ƙafarta duka biyu suka zauna a ƙasa. Na ce a raina wannan ai ko kyau ba shi da shi.

Na fara kwance igiyar katifa, sai Malam ya ce in bari.

"Daji ba katifa. Nassirou, zan kwantar da shi a rairayin bayan shagonka. In ya karce na saya."

"Kwantar, bawana. In ya karce kai zan riƙe."

Abin da ya biyo baya shi ne abin da nake alfahari da shi, kuma ba na jin kunyar faɗa. Mutumin nan ba ya son a ga ɗingishinsa. In za mu shiga taro sai ya bari kowa ya zauna tukuna. Amma ran nan, gaban makanikai da masu jiran gyara, ya naɗe ƙafar wandonsa har tabon ya fito, ya kwantar da moton da kansa.

"Duba nan, Auta. Na farko, in kin ji zai faɗi, sake shi ki janye ƙafarki. Moto ba ɗanki ba ne, kada ki tare shi. Ni tarewa na yi."

Ya ciro wata igiyar roba daga aljihu ya ɗaure birkin gaba don kada taya ta gangara. Sannan ya juya wa moton baya, ya tsuguna, ya jingina ƙugu da wurin zama, hannu ɗaya a kan moton, ɗaya a ƙarfen baya.

"Hannu riƙewa kawai yake yi. Cinya ke aiki. Ki tura da baya, taku ƙanana."

Ƙafar hagun tana rawa, ina gani. Na tura kallabi a baki. Moton ya taso a hankali har ya tsaya. Malam ya tsaya yana haki, sannan ya sake kwantar da shi, ya ce mata bismilla.

Ta juya baya ta tsuguna. Turawar farko takalminta ya zame a rairayi ta zauna daɓas. Wani ya fara dariya, Nassirou ya harare shi. Uban ya ce ta cire takalmin ta kafa diddige. Ta cire, ta cije leɓe, ta tura. Ya taso rabi ya tsaya, na ce shi ke nan. Sai ta ƙara taku ɗaya, ta ƙara wani, moto ya miƙe. Sau uku ya sa ta maimaita, sau uku ta tada. Ni dai guɗar da na rantse ba zan sake yi wa moto ba, sai da ta kuɓuce mini.

Kuɗinsa bai kai rabin na ƙaton nan ba. Da sauran aka saya mata hular kwano da takalma masu rufe idon sawu, aka sake taya ɗaya. Ezekiyel ya yi ta gunaguni a waya, wai araha ba ta ado. Na ce masa ba biki za ta ba. Litinin da sassafe uban ya ɗaure mata igiyar robar nan a kan moton, ya yi addu'a gajeriya, ta tafi. Katifata ta dawo gado da tabon baƙin mai wanda har yau bai fita ba.

Wata Asabar cikin tsakiyar damina, wajen la'asar, muka ji ƙarar motonta a ƙofar gida. Ta shigo da shi, gefen dama duk laka tun daga hula har takalmi, madubi ɗaya ya karye. Na tashi ina laluba ta. Ta ce ba abin da ya same ta, a wata ƙorama ce santsi ya kwashe ta tun da safe, tana hanyar zuwa tunga ta ƙarshe.

Malam yana zaune bakin zogalensa, bai tashi ba.

"Da wa a wurin?" ya ce.

"Ba kowa, Baba."

"Wa ya tada miki?"

"Ni."

Ya gyaɗa kai. Sannan ya yi tambayar da na san tun ɗazu ita ce a ransa.

"Maganin fa?"

"Ya isa da sanyinsa. Yara talatin da ɗaya na yi wa, ba wadda ta koma gida da ɗanta haka nan."

Ya tashi da ɗingishinsa, ya ɗauki bokitin ban ruwa da tsumma, ya tsuguna gaban moton ya fara wanke lakar. Lidiya ta ce, "Baba, bari ni zan wanke." Na kama hannunta na ja ta ɗaki, don na ga fuskarsa, kuma ba ya son a gan shi yana kuka.