Zaman Nahum a Ƙofar Ɗakin Gawa

Nahum mutumin Pankshin ne, dogo, siriri, mai gilashin da kullum ke zamowa kan hanci. Ya zo Kuala Lumpur yin digiri na uku a kan tsofaffin kalmomin Ingilishi, karatun ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai ya ɓuge da koyar da Turanci a wata ƙaramar kwaleji a Bukit Jalil. Mutumin kirki ne, amma Allah ya tsare ka da zama kusa da shi a jirgin ƙasa. Kafin ka sauka sai ya ɗura maka kalmomin da ko Baturen Ingila ya daina faɗa tun zamanin kakan kakansa.

Matarsa Comfort ce kaɗai ke jure masa. Takan dafa gwate da tuwon acca a ɗan kicin ɗinsu na Danau Kota, ɗalibai 'yan gida suna hawowa saye, shi kuwa yana jingine da ƙofa yana ta zuba. A nan wata rana ya kawo mata kalmar "lichwake".

Ya ce "lich" a tsohon Ingilishi jiki ne, daga baya ya koma nufin gawa, "wake" kuwa zama a farke ne don gadi. A ƙauyukan arewacin Ingila da Sikotlan, in mutum ya mutu ba a barinsa shi kaɗai har a binne shi. Dangi da maƙwabta kan zauna kewaye da shi da kyandir, su aza farantin gishiri a ƙirjinsa, suna korar kyanwa da ɓeraye da abin da ido ba ya gani. Daga baya zaman ya cika da giya da wasa har malaman coci suka yi ta faɗa. Da aka soma miƙa gawa hannun 'yan kwangila, kalmar ta bi al'adar, suka ɓace tare.

Comfort ta ajiye muciya ta ce, "Ashe da can su ma mutane ne irinmu. To Malam, ni dai in na riga ka, kada ka bar ni ni kaɗai. Ka san ko shara ba na iya saukarwa sai da rakiya."

Ya yi dariya ya ce ya ji.

Hawan jini ne ya kayar da ita a kicin ɗin nan, ba ta kuma tashi ba. 'Yan'uwanta suka ce a kawo ta gida. Mutanen coci suka samo kamfanin da ke aikin kai gawa ƙasashen waje, aka ɗibgo wa Nahum takardu, ya yi ta sa hannu ido na zubar da hawaye, bai karanta ko layi ɗaya ba.

A asibiti aka ce masa ba a zama a ɗakin ajiye gawa. Sai ya sami wani benci a bakin ƙofar ya mayar da shi gida. Da sassafe yana nan, ba ya tashi sai mai gadi ya sallame shi. Mutumin da bakinsa ba ya hutawa ya koma magana ƙasa-ƙasa da ƙofar ƙarfe. Abin tausayi ne ƙwarai, duk wanda ya gan shi sai ya kau da kai.

Maƙwabcinsu Hassan, wani ɗalibi Bakano, shi ke kai masa abinci.

"Oga Nahum, ka yi makan kuwa, ka ci wani abu? Ga tapau, ƙunshin abinci na sayo maka a shagon mamak. Please ka ci, ka je gida ka huta."

"Ba zan iya ba, Hassan. Tsoro take ji."

Haka aka ɗauki kwanaki ana jiran takardun tafiya. Ran nan da hantsi wayarsa ta yi ƙara, mutumin kamfani ne. Ya ce Nahum ya zo wurinsu can ɗaya gefen gari, motar filin jirgi ta kusa tashi.

Nahum ya ce, "Ai tana nan asibiti. Ga ni ma a bakin ƙofa."

"No lah, boss. Tun washegarin rasuwar muka ɗauke ta, ta ƙofar baya ake fita da su. Kai ka sa hannu."

"Wa ya zauna da ita?"

Mutumin bai gane tambayar ba.

Nahum ya dubi ƙofar da ya yi kwana da kwanaki yana gadi. Hassan ne ya zo ya kama shi ya sa a tasi. A hanya bai yi kuka ba, yana dai ta maimaita, "Ni na sa hannu, ni da kaina."

Sun tarar an riga an rufe akwatin an ɗaure, ana tura shi bayan mota. Shi jirginsa daban ne, ita da kaya za ta tafi. Ya roƙi direban ya bar shi ya shiga baya. Direban ya ce ba a yi, sannan ya ƙara duban fuskarsa ya ce, "Boleh," wato ya yarda.

Nahum ya zauna a ƙasan motar, ya dafa akwatin da hannu biyu. Ya tambaya ko da nisa, direban ya ce babu nisa in dai ba a tarar da cunkoso ba. Bai taɓa roƙon Allah irin wannan abu ba, amma ranar ya sunkuyar da kai ya roƙa da zuciya ɗaya a tare hanya, motoci su cushe, a wuni a tsaye.

Hanyar kuwa a buɗe take fayau har filin jirgi.