Ranar da Kawu Tiam-hok Ya Juya Ƙyallen Majigi

Duk sa'ad da wani ya ɗaga murya a cikin fim yana zagin hukuma, hannun hagun Kawu Tiam-hok sai ya tashi da kansa ya nufi bakin majigi, ya tsaya a iska, sannan ya koma kan gwiwa. Jama'a ƙyallen majigi suke kallo, ba wanda ya damu da mai haska shi. Ni kuwa tun ina ƙarama kusa da shi nake zama, don nan ne ba mai yi mini magana, shi ya sa na lura.

Na taɓa tambayarsa. Ya ce, "Sauro nake kora, A-lan."

Innata, wadda ita ce ƙanwarsa, ita ta gaya mini gaskiya. Zamanin dokar soja, ɗan sanda ne yake zama kusa da injin. In an zo wurin da ba a so a gani, sai ya taɓa kafaɗar Kawu, shi kuma ya rufe hasken da tafin hannu har wurin ya wuce. An daɗe da ɗage dokar, ɗan sandan ma ya mutu, amma hannun bai sami labari ba.

A ƙauyenmu aka haife shi, a bakin teku, kudancin Taiwan, inda kowa kiwon kifi yake yi a tafkuna. Kakana ya so ya gaje shi. Shi kuwa tun bai fara gemu ba ya bi wani mai majigi da ya zo wucewa, yana ɗaukar masa kaya, bai dawo ba sai da motarsa da injinsa. Babu kusurwar tsibirin nan da bai taka ba. Ya hau duwatsun gabas da mota mai tari, ya shiga jirgin ruwa zuwa tsibiran Penghu yana amai yana rungume da fayafayan fim kada gishiri ya taɓa su. Ya taɓa kwana a ofishin 'yan sanda saboda faifan taken ƙasa ya tsinke daidai kan fuskar shugaba, mutane suka yi dariya. Da aka sake shi, abin da ya fi ba shi haushi shi ne ba su mayar masa da almakashinsa ba.

Aikinsa na ɗakunan bauta ne. Idan ranar bikin Matsu ta zo, abar bautar da ake kira uwar masunta, ita ake haska wa fim, mutane raɓawa kawai suke yi. Saboda haka ƙofar ɗakin ƙyallen yake fuskanta, kuma kafin komai sai an fara da gajeren faifan sa albarka. Na ga Kawu ya haska fim daga farko har ƙarshe ana ruwan sama, fili ba kowa sai kare ɗaya. Ya ce mai fim ɗin tana kallo.

Da talabijin ta shigo, daga baya wayar hannu, ɗakunan bauta suka riƙa sallamarsa ɗaya bayan ɗaya. Lokacin da na gama jami'a a Taipei, namu kaɗai ya rage masa. Bai yi aure ba, ba shi da tafki. Bikin nan shi ne abin da yake sa ya goge injin, ya aske kai, ya sa farar riga.

Shekarar da nake magana, kwamitin ɗakin bauta ya shirya bikin godiya ana jibi zaɓen mai gari. Mu ba ma jefa ƙuri'a sai a inda sunanmu yake, don haka jiragen ƙasa suka cika maƙil, kowa ya nufi gida. A tsaye na zo tun daga Taipei. Ƙauyen da ba a jin komai sai ƙarar injin ruwa ya cika da matasa da motocin lasifika.

A wannan makon ne Siok-eng ta kawo wa Kawu fim ɗinta. Maƙwabciyarmu ce, bazawara mai tafki biyu. Da wayarta ta ɗauka, ɗanta ya haɗa mata. Ba komai ciki sai kifi da ya mutu ya taso saman ruwa, da bututun masana'antar da ke bakin rafi, da tsofaffi suna faɗin abin da suka gani. Masana'antar nan ita ta yi wa ɗakin bauta sabon rufi, ɗan takara ɗaya kuma surukin shugaban kwamiti ne. Shugaban shi ne Kho Bun-tiong, wanda suka yi wasan ƙasa tare da Kawu.

Ranar bikin, rana ta kusa faɗuwa muna ɗaure ƙyalle, sai ga Bun-tiong, bakinsa jawur da abin taunawa.

"Tiam-hok, wai me nake ji? Matattun kifi za ka nuna wa Matsu ranar godiya?"

"Uwar masunta ce. In ba ta ga kifi ba, me za ta gani? Tumbinka?"

"Bar tumbina, tsohon tuzuru. Sa mata na masu takobi, irin wanda ka saba."

"Shi ma zan sa. Bayan na Siok-eng."

"Kai dai tun muna yara kanka kamar dutse. Ka san kujerata ce ke sa hannu a ɗauke ka, ko? Akwai yara a birni masu sabon inji, hoto tas, ba irin naka mai yayyafi ba."

Kawu ya ci gaba da jan igiya. Mata masu sayar da romon kifi suka bar tukwanensu suka matso. Wata tsohuwa ta ce, "Ku biyun nan kuna cika mana kunne. Ga mai fim ɗin a zaune, ku tambaye ta mana!"

Ba wanda zai iya ƙin wannan. Aka shiga ciki. Bun-tiong ya kunna tsinken turare, ya ɗauki katakan da ake tambayarta da su, guda biyu masu siffar jinjirin wata, ya faɗi sunansa da tambayarsa, ya sake su ƙasa. In ɗaya ya kife ɗaya ya buɗe, ta yarda. In duka sun kife, ta ƙi. Duka biyun suka buɗe.

"Dariya take yi," in ji tsohuwar.

Ya sake jefawa. Dariya. Ya goge hannu a wando, ya sauya yadda ya yi tambayar, ya jefa. Dariya dai.

"Ka gani, ba ta yarda ba," in ji Bun-tiong.

"Ba ta hana ba."

"In ba ta yarda ba, ba za a haska mata shi a filinta ba. Ni na faɗa. Ka haska, ka nemi wani wurin baɗi."

Na dubi Kawu. Na san babu wani wurin. Kowa ma ya san haka, har Siok-eng ta ja hannun rigarsa ta ce, "Yaya, bar shi. Kowa zai iya gani a wayarsa."

"A waya kowa shi kaɗai yake gani," ya ce da ita. "Sai ya ce ko idonsa ne."

Duhu na shiga ya kunna tsohon inji, ya haska faifan sa albarka yana fuskantar ƙofa, kamar kullum. Ya bi da fim ɗin masu takobi, ya bar shi ya kai ƙarshe, bai rage wa Matsu ko minti ɗaya ba. Bun-tiong ya zauna a gaba yana karkaɗa ƙafa.

Da aka gama, mutane suka fara tashi. Kawu ya shiga gaban Matsu ya durƙusa, ya ɗan yi magana ƙasa-ƙasa, ya fito. Ya ce, "A-lan, kama can." Muka kwance ƙyallen. Ya ja motar ya fitar da ita daga filin ɗakin bauta zuwa bakin kasuwar kifi, wurin da ba na kwamiti ba, ya ɗaure ƙyallen yana fuskantar titi, bayansa ga ƙofar. Ban taɓa ganin an yi haka ba, tsofaffin ma sun ce ba su taɓa gani ba. Wasu suka yi tsaki suka wuce gida.

Sauran suka ɗauki kujerunsu na roba suka biyo. Matasan da suka zo zaɓe suka zauna kan baburansu. Ya jona ƙaramin injin da na saya masa, wanda yake kira abin wasan yara, ya sa fim ɗin Siok-eng. Ƙasa da awa ɗaya fim ɗin ya yi, hoton yana rawa, iska tana cinye magana. Duk wanda ya ga tafkinsa ko kakarsa sai ya yi ihu. Wani ma'aikacin masana'antar ya miƙe ya ce ƙarya ce, zafi ne ya kashe kifin. Aka yi masa ca. Kawu ya tsayar da fim ɗin, ya miƙa masa lasifika ya ce, "Faɗi taka, ɗana, kowa ya ji." Mutumin ya faɗi tasa, ya zauna. Aka ci gaba.

Bun-tiong bai tsallako titi ba, amma bai tafi ba. Muna naɗe waya ya zo ya tsaya gefen mota.

"Ka juya mata baya, Tiam-hok."

"Na nemi izini."

"Me ta ce?"

"Ban jefa ba. Na gaji da dariya."

Bun-tiong ya tofar da jan yawu a kwata. "Baɗi yaran birni ne. Ba wasa nake ba."

"Na ji. Ka ce musu igiyar hagu tana zamewa in iska ta taso daga teku."

Haka kuwa aka yi, ba a sake kiransa ba. Surukin Bun-tiong ya ci zaɓen da ƙyar, kuma alkawarin farko da ya yi shi ne za a gwada ruwan rafin. Yanzu Kawu yana taya Siok-eng zuba wa kifi abinci. Wani lokaci makarantu sukan gayyace shi ya nuna wa ɗalibai tsohon injin.

A ranar dai, da muka gama loda kaya, ya zauna kan bencin mai romo ya ce a zuba masa kan kifi da shinkafa, a ƙara citta. Ya cire takalmi, ya ci a hankali yana tsince ƙaya.